Tambaya da Amsa: Wa ke da iko da kayan cikin kwamfuta, bayos ko Windows?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan kamar kun haɗa baki, saƙo bayan saƙo duk a kan shafin nan da ke fitowa in ka danna F10 ko F2 kana cikin kunna kwamfuta, wato BIOS, wanda masu gyara a Beirut Road da Farm Centre ke ce wa bayos. Na sababbin injina sunansa UEFI amma baki ya riga ya saba, to bayos ɗin zan riƙa cewa. Na tsinto guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA, daga wani mai shagon buga takardu a Ƙofar Nasarawa: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da bizines senta da kwamfutar tebur huɗu, ɗaya daga ciki in dai aka kwana biyu ba wuta ko muka tafi hutun sallah muka dawo to ana kunnawa sai ta kawo shuɗin sikirin ta rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE, agogonta kuma ya koma wata shekara can baya, sau biyu kenan ana min fomatin aikin mutane duk ya tafi har da furojet ɗin wata ɗaliba da har yau ban gama ba ta haƙuri ba. Yaron da ke min gyara yace wai bayos ne ke canza seti da kansa. To ba yadda za'a yi a hana shi ne, ko a sa Windows ta daina bin maganarsa?

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji. Yaronka ya gano ciwon amma ya ba da maganin da ba shi ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba. A jikin bod ɗin kwamfutar, wato babban allon da kayan ciki ke jone a kai, akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, bolt 3 ne, shi ke riƙe agogo da setin bayos lokacin da ba wuta. In ya mutu, muddin tana jone da soket kuma akwai wuta ba za ka gane ba, amma ranar da NEPA suka yi dogon ɗaukewa sai komai ya goge, bayos ya koma yadda ya fito daga kamfani. Agogon da ka ga ya koma baya shi ne shaidar, kuma irinsa ne ke sa burauza ta ƙi buɗe shafuka tana ƙorafin wai ba tsaro.

Shuɗin sikirin kuma ga inda ya samo asali. A cikin bayos akwai wajen da ake zaɓar yaren da bod zai riƙa magana da had-dis, ana rubuta SATA Mode ko SATA Operation, zaɓin ciki AHCI ne ko RAID, a tsofaffi har da IDE. Ranar da aka ɗora Windows, direban yaren da ta tarar, wato ƴar manhajar da take magana da dis ɗin ta cikinta, shi kaɗai take ajiyewa a bakin ƙofa don tashi. To in an ɗora ta a kan AHCI, batir ya mutu bayos ya koma RAID, tana tashi sai ta nemi dis ɗin da take zaune a kai ta rasa yadda za ta yi masa magana, sai ta faɗi. Fayil ɗinka ko ɗaya bai taɓu ba Alhaji, da an shiga bayos an mayar da wannan layi ɗaya da ta tashi lafiya lau, furojet ɗin yarinyar nan ma da yana nan. Wannan ne ya fi ba ni haushi a saƙon naka wallahi.

Batun a sa Windows ta daina bin maganarsa, a wannan wajen ba zai yiwu ba. Ka ɗauka bayos mai gida ne, Windows kuma 'yar haya. Kafin ta iso shi ya riga ya buɗe gidan, ya kunna fitilu, ya zaɓi ɗakin da zai bari a buɗe da wanda zai datse da kwaɗo. Abin da ke kula da dis ɗin ma suna daban yake gabatar da kansa da shi in an sauya masa yare, kuma duk wannan ya faru tun Windows ba ta farka ba. Wanda bai zo ba ai ba ya hana komai.

Abin yi: a sayo sabon batir, kuɗinsa bai kai na fomatin ɗaya ba, a sa, a shiga bayos a gyara kwanan wata, a gwada SATA ɗin a zaɓi ɗaya in bai tashi ba a koma ɗayan, gwajin ba ya goge komai. Sannan ka ɗauki wayarka ka ɗau hoton kowane shafi na bayos ɗin injinan huɗu ka ajiye. In kuma wata rana da gangan kake son sauya yaren ba tare da fomatin ba, ka buga msconfig a Windows, ka shiga Boot ka sa alama a Safe boot, ka yi ristat, ka shiga bayos ka sauya, ka bari ta tashi a sef mod ta ɗauko direban da ya dace da kanta, sai ka koma ka cire alamar. Ka tabbata ka san ainihin faswod ɗin akawun kafin ka fara, ba lambar PIN kaɗai ba.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a BUK, sabuwar jami'a: Malam barka da aiki. Ni Ubuntu Linux nake amfani da ita a laftop ɗina tokumbo, matsalata wayifai ɗin yana ɓacewa in ta dawo daga barci kuma dmesg, wato rahoton da Linux ke rubutawa, cike yake da ACPI Error, na ga wasu suna cewa a sa acpi=off shikenan an raba gari da bayos, na sa kuwa sai alamar batir ta ɓace kuma in na kashe ta ba ta mutuwa sai na danne maɓalli. Tambayata ta gaskiya ita ce, shin Linux tana da hanyar taƙaita abin da bayos ke canzawa a kayan ciki, ko dai duk abin da yace dole ne?

AMSA: Ƙanina ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Amma tambayarka ita ce tafi kowacce daɗi a wannan watan, don haka bari in ɗan baje kolin.

Ba duk abin da bayos yace ne dole ba. Mai gidan nan da na ba Alhaji labari, in zai miƙa makulli yakan bar wa ɗan haya doguwar takarda: ga inda famfo yake, ga yadda ake kunna fanka, in za ka kwanta ka kashe kaza kafin kaza. Sunan takardar ACPI. Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fito da tsarin a Disamba 1996, daga baya a 2013 aka miƙa kula da shi ga ƙungiyar da ke riƙe da UEFI. Kafin zuwansa bayos ne ke yin kusan komai da hannunsa, tsofaffin masu gyara za su tuna wani layi a bayos na zamanin Windows 95 da 98 mai tambaya ko manhajar da ke kai Plug and Play ce, in ka ce eh sai bayos ya tsame hannunsa ya bar mata rabon kaya. ACPI ne ya zo ya mayar da wannan rabon aikin rubutacce. Abin lura shi ne takardar ba bayani kaɗai ba ne, akwai ƴan shirye-shirye a ciki da aka rubuta da wani yare mai suna AML, kuma kanel ɗin Linux ɗinka, wato zuciyar manhajar da ke magana da kayan ciki, shi ne ke karanta su yana aiwatarwa da hannunsa. Suna nan a /sys/firmware/acpi/tables, babbar cikinsu DSDT, in kana da ƙwazo ka warware ta da iasl ka karanta. Tunda kuwa kanel ne mai aiwatarwa, yana da bakin cewa wannan layin ba zan bi ba.

Kuma yana faɗa ɗin, kullum, ba tare da ka sani ba. Misali biyu. Bayos kan bar jerin umarnin da yake so a aika wa had-dis duk lokacin da ya tashi ko ya dawo daga barci, sunan jerin _GTF. Linux ba ta aikawa ido rufe, tana tacewa: umarnin sauya saurin jigilar bayanai, da na kulle tsaron dis, da wani na rage cin wuta, waɗannan jefar da su take yi don ita ke kula da su da kanta. Buga sudo dmesg | grep -i filtered, in injinka mai SATA ne akwai yiwuwar ka ga layukan da aka rubuta filtered out, to wannan Linux ce take ce wa bayos na ji amma a'a.

Na biyun ya fi burge ni. Kayan da ke kan layin PCI Express, irin su katin wayifai da NVMe da katin hoto, a ƙunshi-ƙunshi suke aika bayanai, kuma akwai iyakar girman ƙunshi da ake saitawa, daga bayit 128, 256, 512 har 4096. Ka tuna ɗan dako a Kwari ya ɗauko dila ya zo lungun da bai kai faɗinta ba, ba shiga ba komawa. Haka yake a nan, in na'ura ta aiko ƙunshin da ya fi abin da na gabanta ya shirya karɓa, sai a yi watsi da shi a matsayin lalatacce, daga nan sai kuskure ko na'urar ta ɓace. To ACPI na da wani sashe, _HPX, inda bayos ke cewa duk na'urar da aka jona a nan a kunna mata kaza a kashe mata kaza a rajistocinta. Linux tana karɓar wasu, amma da gangan aka rubuta a kanel cewa ba za a bar _HPX ya taɓa girman ƙunshin nan ba, haka ma girman abin da na'ura ke nema a karanto mata, saboda kanel ne ke kallon layin tun daga tushe har ƙarshe, shi kuwa bayos ya rubuta takardarsa ne tun a kamfani bai san katin da wani zai soka a Kano bayan shekara takwas ba. A ganina wannan ita ce dabarar da ta dace, ba a yaga takardar mai gida ba, an dai ja layi a kan abin da ɗan haya ya fi shi sani.

Kai kuma acpi=off da ka sa yaga takardar ne gaba ɗaya. Da ita ta tafi da bayanin batir, da barci, da yadda ake yanke wuta in an kashe, kuma a injina da yawa har furosesa sai ka ga ƙwaya ɗaya ce kaɗai ke aiki. Cire shi yau ɗin nan.

Akwai ƙananan makullai da suka fi shi hankali. Bayos yakan tambayi manhaja ke wace ce, ta hanyar _OSI, sai ya sauya halinsa gwargwadon amsar. Abin dariya Linux cewa take eh ni Windows ce, don masu ƙera injina a kan Windows suke gwaji, hanyar da aka fi bi ita ta fi zama lafiya. A wannan tambayar Windows 7 sunanta Windows 2009, Windows 8 kuma Windows 2012, Windows 10 ta farko Windows 2015. Laftop ɗinka in na zamanin Windows 7 ne gwada acpi_osi=! acpi_osi="Windows 2009", sau da yawa yana gyara rikicin barci da hasken sikirin. In matsalar ta wajen zama ce, wato bayos ya yanka wa na'ura fili ƙarami a adireshi, pci=realloc na sa kanel ya sake rabo. pcie_ports=native kuma ƙwace ragamar wasu ayyukan PCI Express ne ko bayos bai sakar maka ba, don a al'ada ciniki suke yi ta _OSC, kanel ya nema bayos ya ba da ko ya hana. Sai pcie_aspm, wanda ya shafi gyangyaɗin da layin ke yi don rage cin batir, kuma katin wayifai na yawan samun matsala da shi. Ka kula, pcie_aspm=off ma'anarsa Linux ta cire hannunta ta bar abin yadda bayos ya saita, force kuma tilastawa ne, takardun kanel da kansu sun yi gargaɗin zai iya daskarar da inji.

Yadda za ka gwada ba tare da gyaran gangar Abzinawa ba: a shafin GRUB, na zaɓin tashi kafin Ubuntu ta buɗe, danna e, je ƙarshen layin da ke da quiet splash, ƙara abu ɗaya tak, danna F10. Wannan na tashi ɗaya ne, in ya ɓaci ristat kawai ya wanke shi. Sai wanda ya yi aiki ne za ka rubuta a /etc/default/grub ka buga sudo update-grub. Ɗaya bayan ɗaya fa, na san halinku ɗalibai, mutum ya kwaso guda shida ya zuba lokaci ɗaya sannan ya rasa wanne ya gyara wanne ya ɓata. Kuma ba kowane ACPI Error ne ciwo ba, wasu injinan sun shekara goma suna wannan ƙorafin suna aikinsu.

Abu na ƙarshe, mai gida yana da safayar makulli da ba ya bayarwa. A furosesoshin Intel tun farkon shekarun 1990 akwai wani yanayi da ake kira SMM, inda bayos ke tsayar da manhaja na ɗan ƙiftawar ido ya yi abin da zai yi ya fita ba ta sani ba. Wannan babu layin GRUB da zai hana shi.

TAMBAYA, daga wata shugabar makarantar kuɗi a Hotoro: Assalamu alaikum. Muna da ɗakin kwamfuta da muke koya wa ƴan aji shida yadda ake jarabawar JAMB, yaran nan sun gano hanyar shiga bayos, yau a tarar an kashe kibod gobe a tarar ta tashi daga filash ɗin wani da wasanni a ciki. Sannan in an kawo wuta cikin dare wasu injinan kunna kansu suke yi, mai gadi har ya fara cewa aljanu ne. Me za mu yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ƙara wa makaranta albarka. A gaya wa Baba mai gadi ya kwantar da hankalinsa, aljanin layi ɗaya ne a bayos. Wasu kamfanonin sun rubuta AC Recovery, wasu After Power Loss, wasu Restore on AC Power Loss, ma'anar dai in wuta ta dawo me zan yi. A mayar da shi Power Off. A garin da wuta kan dawo da ƙarfin da ke ƙona firji, inji ya kunna kansa a daidai wannan lokacin ba alheri ba ne. A duba Wake on LAN ma a kashe in ba a amfani da shi. Windows ba ta da ta cewa a nan, lokacin ba ta ma tashi ba.

Yaran kuma tunda ba za ki iya hana bayos iko da kaya ba, sai ki hana hannu kaiwa ga bayos. A sa masa faswod na mai kula, ana rubuta Administrator ko Supervisor ko Setup Password. Kar a rikita shi da Power-On ko System Password, wannan kowane kunnawa sai an buga shi, ya zama malami na zagaye inji talatin kullum da safe. Bayan an sa, a mayar da had-dis na farko a jerin tashi, a kashe tashi daga USB da ta netwok, a bar Secure Boot, mai hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi, a kunne. A injinan tebur yaro mai wayo zai iya buɗe murfi ya cire batir ko ya taɓa jampa faswod ɗin ya goge, shi ya sa yawancinsu ke da ƴar kafa a baya ta ɗan kwaɗo, a yi amfani da ita.

Filash ɗin ma hanya biyu ce. Za a iya rufe ramukan USB daga bayos, ta nan na'urar ko bayyana ba za ta yi wa Windows ba, sai dai a kula kar a rufe har da na kibod da mawus. Ko kuma in Windows Pro ce a shiga gpedit.msc a hana ma'ajiyar da ake cirewa baki ɗaya, kibod ya ci gaba da aiki. Ni na fi son a haɗa, a bar ramukan baya don kibod a rufe na gaba.

Gargaɗi ɗaya Hajiya, kuma da gaske nake. In laftop ne, musamman irin na ofis da ake kawowa tokumbo, faswod ɗin ba a batir yake ba, a wani ɗan cif yake, cire batir ba ya goge shi. A rubuta a takarda a sa a durowarki, kar a bar shi a kan malamin kwamfuta shi kaɗai, ranar da ya samu wani aiki ya tafi za a sha wahala. Haka in za ku sayi na hannu, a shiga bayos a gaban mai sayarwa a sauya wani abu a ga ya karɓa kafin a ba da kuɗi.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciya da ke zaune a Gwale: Malam na bar laftop ɗina a caji da daddare ta yi abdet da kanta, da safe sai ga shuɗin shafi wai BitLocker in sa wasu lambobi, ni ban taɓa sa wani BitLocker ba wlh. Da ƙyar wani ɗan'uwana ya nemo min su. Yace bayos ne aka sabunta. Yaya zan hana hakan sake faruwa?

AMSA: Ƴar'uwa sannu, na san faɗuwar gaban. Ke ba ki sa ba amma laftop da yawa na yanzu suna kulle dis da kansu da BitLocker ɗin nan da zarar an shiga da akawun ɗin Microsoft, makullin kuma yana cikin wani ɗan cif mai suna TPM, wanda Windows 11 ta wajabta samfurinsa na 2.0 tun fitowarta a Oktoba 2021. Duk tashi TPM na auna bayos da wasu setocinsa, in awon ya yi daidai da na jiya ya saki makulli shiru, in ya bambanta sai ya ce ban yarda ba, ƙila sato ni aka yi, kawo lambobi 48. To kin ga a nan ne kaɗai a duk tambayoyin yau Windows ke da wani ɗan ƙarfi a kan bayos: ba ta hana shi canzawa amma tana ƙin buɗe ɗakinta in ya canza. A ƙa'ida kafin a sabunta bayos ana dakatar da kullen na tashi ɗaya, wani lokacin dai abin kan kuɓuce.

Farko ki shiga akawun ɗinki na Microsoft ta waya, wajen na'urori, ki kwafe lambobin nan a takarda ki adana inda kike ajiye takardun makaranta. In na ofis ne injin, suna wajen masu kula da kwamfutocinku. Duk ranar da za a taɓa bayos, ko mai gyara zai sauya Secure Boot, a fara dakatar da BitLocker, a buɗe cmd da ikon admin a buga manage-bde -protectors -disable C: sannan a yi ristat.

Hana sabuntawar kuwa ana iyawa, daga bayos ɗin kansa. A Dell layin sunansa UEFI Capsule Firmware Updates, a na ofis na HP kuma Native OS Firmware Update Service, in an kashe Windows ba za ta ƙara tura masa sabo ba. Amma ni ban ba ki shawarar rufewa har abada ba. Gyaran manyan ramukan tsaro na furosesa da aka bankaɗo a Janairu 2018, Spectre da Meltdown, wani ɓangarensa ta sabunta bayos ya zo, sannan takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ta fitar a 2011 wa'adinsu na farko Yuni 2026 ne, sababbin kuma sai an shigar da su cikin bayos. Abin da ya fi shi ne ke ki zaɓi lokacin: batir a cike, caja a jone da wutar da kika yarda da ita, sola ko inbata, ba janareton da mai ya kusa ƙarewa ba, kuma in ta fara kar a taɓa ta ko sikirin ya yi baƙi na ƴan mintuna. Wutar da ta yanke ana tsakiyar rubuta bayos ita ke mayar da laftop faranti.

TAMBAYA, daga wani mai ɗinki kuma mai zanen kaya a Fagge: Oga cajata ta ƙone na sayi wata a kasuwa, tun daga nan sistem ɗin ya zama kunkuru, kunnawa kuma sai ya rubuta wai bai gane cajar ba in danna F1. Na sa High Performance a Windows ba canji. Akwai wata manhaja da zan sa ta tilasta shi?

AMSA: Maigida ba Windows ce ta rage gudun ba, don haka ba ita za ta mayar ba. A cikin laftop akwai wani ƙaramin cif daban da furosesa, masu gyara na ce masa EC, shi ke riƙe da caji da fanka da kibod, ko injin a kashe yake shi yana farke. Cajojin wasu kamfanoni suna da siririyar allura a tsakiyar bakinsu, ta nan caja ke faɗa wa injin ni mai wat 65 ce ko 90. In allurar ta karye, ko cajar jabu ce ba ta da abin faɗar, sai EC ya ɗauka ba za ta iya ɗaukar nauyi ba, ya danne furosesa ƙasa, wani lokacin ya ƙi cajin batir ma. Shiga bayos ka duba shafin farko ko na batir, wajen AC Adapter, in ka ga Unknown ko None alhali tana jone to magana ta ƙare. Akwai layin kashe gargaɗin F1 ɗin, amma bakin kawai ka rufe, gudun ba zai dawo ba.

Manhajojin da ke toshe siginar da EC ke danne furosesa da ita akwai su, ban kuma ce ka sa ba. Wannan hanyar dai ita injin ke bi ya rage gudu in ya yi zafi, kai kuma kana shago a Fagge a watan Afrilu ga dutsen guga a gefe. Ka ɗauki laftop ɗin da kanka zuwa wajen masu caja, a jona a gabanka, ka shiga bayos ka ga ya rubuta wat ɗinta kafin ka biya. In an gwada caja biyu uku masu kyau duk bai gane ba, to ramin cajin ne ko wayarsa ta ciki, a sauya shi, ba sai an taɓa bod ba.